Kalifoniya: Yadda rarar kuɗin motocin da aka yi gwanjonsu ke zama ta gwamnati bayan shekara uku

Wata motar alfarma ƙirar Lamborghini ta shafe watanni a garejin wani kamfanin janwe da ke Torrance, kusa da birnin Los Angeles na Amurka, ba wanda ya zo karɓarta. Daga ƙarshe kamfanin ya yi gwanjonta, ya cire kuɗin jan ta da na ajiya, sai ga ragowar kusan dala dubu 100. Kuɗin ba su koma hannun mai motar ba. Asusun hukumar kula da ababen hawa ta jihar Kalifoniya, wato DMV, aka tura su.

Kafar yaɗa labarai ta CalMatters ce ta fito da wannan labari a 2025, a wani bincike da ya gano cewa daga 2016 zuwa ƙarshen 2024 hukumar ta karɓi sama da dala miliyan 8 na irin wannan rara, daga motoci kusan 5,300. A dokance kuɗin na masu motocin ne. Sai dai binciken ya nuna cewa dokar ba ta tilasta wa hukumar ta neme su ta shaida musu ba, kuma idan shekara uku ta cika ba wanda ya nema, shi ke nan, sun zama na gwamnati.

Batun ya shafi duk wanda ke zaune a can yake kuma yin doguwar tafiya, ciki har da 'yan Najeriya da Nijar da Ghana da kan taho gida hutu ko jinyar iyaye su bar mota a bakin titi.

Yadda mota ke kaiwa ga gwanjo

Ba sai mutum ya yi babban laifi ba. A birane da dama na jihar, motar da ta wuce awa 72 a wuri ɗaya a kan titi ana iya jan ta. Haka ma wadda rajistarta ta ƙare da fiye da wata shida. Akwai kuma wanda 'yan sanda suka kama yana tuƙi, ko wanda ya yi haɗari aka wuce da shi asibiti, motar ta tafi gareji shi bai sani ba.

Daga ranar da ta shiga garejin, kuɗin ajiya ke hauhawa kullum. Doka ta bai wa mai garejin, da ma bakanike da aka ƙi biyan kuɗin gyaransa, damar riƙe motar tamkar jingina, sannan ya sayar da ita idan ba a biya ba.

Dokar ta raba motocin gida biyu, kuma dala 4,000 ce iyakar. Idan darajar mota ta haura haka, sai mai garejin ya nemi izinin DMV kafin ya sayar. Idan ba ta haura ba, hanyar ta fi sauƙi da sauri. A duka biyun ana aika wasiƙa ga mai motar da duk wanda ke da haƙƙi a kanta, kamar bankin da ya ba da bashin sayenta.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Wasiƙar tana zuwa ne adireshin da ke cikin kundin DMV, ba inda mutum yake zaune yanzu ba. Wanda ya sauya gida bai sanar ba, ko yake Kano ko Yamai a lokacin, ba zai gan ta ba. Alhali kwana 10 kacal ake bayarwa a sa hannu a takardar ƙin amincewa da gwanjon. Wanda ya mayar da takardar a kan lokaci ya dakatar da cinikin, sai mai garejin ya je kotu. Amma ba kyauta ba ce, domin idan kotu ta ba mai garejin gaskiya, mai motar na iya biyan har da kuɗin shari'a.

Ga motar da ta haura dala 4,000 akwai wata ƙofa ta ƙarshe: cikin kwana 10 bayan gwanjon, mai ita zai iya fanso ta idan ya biya kuɗin da aka saye ta da sauran ɗawainiya da ruwa a kai.

Ina rarar take tafiya?

Sashe na 3073 na kundin dokokin farar hula na jihar ne ya tsara rabon kuɗin. Mai garejin zai ɗauki abin da yake bi da kuɗin shirya gwanjon. Abin da ya rage ba nasa ba ne ko sisi. Dole ya tura wa DMV cikin kwana 15 idan babbar mota ce mai daraja, ko kwana biyar idan ta ƙasa da iyakar ce.

A ɗauki misali: an sayar da mota dala 6,000, bashin janwe da ajiya da takardu ya kama 2,500. Dala 3,500 da ta rage za ta shiga asusun ababen hawa na jihar, ta zauna tana jiran mai ita. Shi ko bankin da ke bin sa bashin motar za su iya shigar da buƙata, amma cikin shekara uku daga ranar da aka zuba kuɗin. Ba daga ranar da mutum ya ji labari ake fara ƙirga ba.

Kada mai karatu ya ɗauka kowace mota ke barin rara. Galibin motocin da ake bari a garejin janwe tsofaffi ne, kuma sau da yawa abin da ake samu a gwanjon bai ma kai bashin ba. Idan haka ta faru, kamfanin na iya bin mai motar cikon kuɗin. Ga mota ta tafi, ga bashi ya rage.

Duk da haka, abin da ya fi ɗaure kai a tsarin shi ne, hukumar da ke riƙe da sunan mai kowace mota da adireshinsa, wadda ba ta mantawa da aika masa takardar sabunta rajista duk shekara, ita ce doka ba ta ɗora wa aika wasiƙa guda ta ce masa ga kuɗinka ba.

Inda notari ke shigowa

Wanda ke kwance a asibiti, ko yake tsare, ko yake wata ƙasa, ba zai iya zuwa gareji da kansa ba. Garejin kuma ba ya sakin mota ga ɗan'uwa ko aboki don kawai ya ce an aiko shi. Yawanci sai ya ga takardar wakilci mai hatimin notari, wato jami'in da jiha ta ba izinin tabbatar da cewa wanda ya sa hannu a takarda shi ne da kansa, kuma ba tilasta masa aka yi ba.

Wannan buƙata ce ta haifar da sana'ar notari na tafi-da-gidanka, masu zuwa da hatiminsu da kundinsu har gadon asibiti, gidan tsofaffi ko gidan yari. A Kalifoniya doka ta ƙayyade dala 15 a kan kowane sa hannu, amma ba ta ƙayyade kuɗin zuwa ba, don haka a nan farashin ke bambanta, kuma gara a daidaita tun a waya. Notari zai nemi katin shaida mai hoto, kamar lasin tuƙi ko fasfo, ya rubuta aikin a kundinsa. Idan takardar wakilci ce ko ta mallakar gida, sai an yi dangwale a kundin.

Akwai wani ruɗani da ke cutar da baƙi. A Najeriya, notari lauya ne mai gogewa da Alƙalin Alƙalan ƙasa ke naɗawa. A Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa ma babban masanin doka ne da ke rubuta yarjejeniyar cinikin gida da rabon gado. A Kalifoniya ba haka ba ne. Kwas ne na awa shida, da jarrabawa, da binciken tarihin mutum, da lamunin dala 15,000, sai a ba shi izinin shekara huɗu. Idan ba lauya ba ne, ba shi da hurumin ba da shawarar shari'a. Hatiminsa ba ya nufin abin da ke cikin takardar gaskiya ne ko ya dace da kai. Saboda irin wannan ruɗani ne ma jihar ta haramta musu tallata kansu da sunan da masu jin Sifaniyanci ke kiran notari da shi, domin a ƙasashensu sunan na nufin babban lauya.

Wanda yake Najeriya kuwa, ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinta na Legas suna yin wannan aiki a kan dala 50 kowane hatimi, bayan an nemi lokaci ta intanet.

Masu duba gida

Wasu daga cikin notari masu yawo suna haɗawa da aikin duba kadara: banki ko kamfanin inshora ya tura su su ɗauki hoton gida, su tabbatar ko akwai mutane a ciki da halin da yake. Matafiyi ma zai iya ɗaukar irinsu su leƙa masa gida da mota. Amma wannan leƙe ne kawai, ba irin cikakken binciken rufi da wayoyin lantarki da famfo da ake yi kafin sayen gida ba. Ko a wancan babban binciken, Kalifoniya ba ta bayar da lasi, saɓanin jihar Texas. Abin da dokarta ta yi shi ne hana mai binciken karɓar aikin gyara a gidan da ya duba cikin wata 12 da suka gabata, don kada ya ƙirƙiro matsala ya ci kuɗinta.

Ga wanda aka riga aka sayar da motarsa, abin da zai fara nema shi ne lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke kan tsohuwar takardar rajista ko ta inshora. Da ita ake bincika ko akwai rara, kuma CalMatters ta wallafa wani shafin bincike tare da rahotonta. Buƙatar karɓar kuɗin kuwa ana aika ta ne ga sashen DMV mai kula da irin wannan gwanjo a Sacramento, babban birnin jihar, tare da shaidar cewa motar tasa ce a lokacin da aka sayar da ita.