Babi na Uku: Gwajin Launi ta Hanyar Kwamfuta Kafin Ɗab'i

3.1 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake jera rubutu da hotuna a shafi har aiki ya ɗauki kamannin da ake so. Wannan babi kuwa zai dubi mataki na ƙarshe kafin a haɗa faranti, wato gwajin launi. Abin da ake nufi da gwajin launi shi ne fitar da kwafi guda na aikin da za a buga, domin mai aiki da mai maɗaba'a su ga yadda launuka za su kasance tun injin bugu bai fara juyawa ba. Idan mai aiki ya gamsu sai ya sa hannu a kan takardar gwajin, daga nan kuma ta zama alƙali a tsakaninsu. In bugu ya fito ya saɓa mata, asarar takarda da tawada tana wuyan maɗaba'a. In kuwa ya dace da ita, mai aiki ba shi da bakin magana ko da launin bai kwanta masa a rai ba. A aiki irin na kalanda ko bangon littafi ko fastar ɗan takara, inda akan buga dubbai a tashi ɗaya, wannan 'yar takarda ce ke raba gardama.

3.2 Tushen Matsalar

Fuskar kwamfuta da takarda ba hanya ɗaya suke bi wajen samar da launi ba. Ita kwamfuta haske take haɗawa, ja da kore da shuɗi, kuma idan ukun suka cika sai a sami fari. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta. Tawada ce ke shanye wani ɓangare na hasken da ya sauka a kanta, ta mayar wa ido da saura. Tawadar bugu iri huɗu ce: shuɗi mai ruwan sararin samaniya, da ja mai ruwan hoda da ake kira majenta, da rawaya, da baƙi. Launukan da waɗannan huɗu za su iya samarwa ba su kai yawan na haske ba. Shi ya sa shuɗi mai ƙyalli ko kore shar da ke ɗaukar ido a kwamfuta yakan fito a dushe a takarda, ba don wani ya yi ha'inci ba.

Bugu da ƙari, injin ofset ba ya rage kaurin tawada don ya samar da launi mai haske. Ɗigo-ɗigo yake bugawa, ƙanana a inda ake son haske, manya a inda ake son duhu. To amma ɗigon ba ya tsayawa yadda aka zana shi a faranti, yakan buɗe idan ya hau takarda. Alal misali, wurin da aka tsara tawada ta rufe kashi 50 cikin ɗari yakan fito kamar kashi 63 zuwa 66 a takarda mai sheƙi, a takardar jarida kuwa ya kai wajen kashi 76. Wannan buɗewar ɗigo ita ce ke mayar da fuskar mutum mai wankan tarwaɗa ta koma baƙa ƙirin idan ba a yi lissafinta tun farko ba.

3.3 Daga Fim zuwa Kwamfuta

Kafin yaɗuwar kwamfuta, daga fim ake yin gwaji. Akan raba hoto zuwa fim huɗu, kowanne na tawada ɗaya, sannan a yi amfani da waɗannan fina-finai a fitar da gwaji irin su Cromalin na kamfanin DuPont ko Matchprint na kamfanin 3M. Hanyar tana da tsada da cin lokaci, amma tana da wata fa'ida babba: fim ɗin da ya haifi gwaji shi ne zai haifi faranti, don haka duk aibin da ke jikinsa zai bayyana a gwajin.

A cikin shekarun 1990 sai maɗaba'u suka fara zana faranti kai tsaye daga kwamfuta ba tare da fim ba. Da fim ya kau, sai gwaji ya rasa abin dogaronsa na da. Dole aka koma ga na'urorin da ke bugawa daga kwamfuta, irin su Iris mai fesa tawada da Approval na kamfanin Kodak, daga baya kuma na'urorin fesa tawada na Epson da Canon suka mamaye wannan fage saboda sauƙin kuɗinsu. A nan ne ya kamata a lura da wani abu da mutane da yawa ke mantawa. Na'urar gwaji ba ta amfani da tawadar injin bugu, ba ta amfani da farantinsa, sau da yawa ma ba ta amfani da takardarsa. Kwaikwayo kawai take yi. Ke nan ingancin gwaji ya rataya ne a kan ko an tilasta wa na'urar ta kwaikwayi injin da zai yi aikin, har da gazawarsa.

3.4 Ƙwarewar da Ake Bukata

Abu na farko shi ne mai gwaji ya san launi da lissafi. Harshen Hausa yana da kalmomi kamar kore da tsanwa da algashi, da ruwan toka da ruwan goro da ruwan ƙasa, amma idan mai aiki ya ce “a ƙara ja kaɗan”, babu mutum biyu da za su fahimci wannan “kaɗan” daidai wa daida. Haka abin yake a kowane harshe. Saboda haka masu ɗab'i suka dogara ga ma'aunin da Hukumar Ƙasa da Ƙasa ta Nazarin Haske, wato CIE, ta fitar a 1976, wanda ke bayyana kowane launi da lambobi uku: ɗaya na haske da duhu, ɗaya na karkata zuwa ja ko kore, ɗaya na karkata zuwa rawaya ko shuɗi. Tazarar da ke tsakanin launi biyu a wannan ma'auni ita ake kira Delta E. Idan ba ta wuce 1 ba, da wuya ido ya ga bambanci.

Abu na biyu shi ne iya aiki da furofayil, wato kundin da ke ɗauke da bayanin yadda wata na'ura ke fitar da launi a kan wata takarda. Kamfanoni takwas ne, ciki har da Adobe da Agfa da Apple da Kodak da Microsoft, suka kafa ƙungiyar ICC a 1993 domin a sami tsari ɗaya na rubuta wannan bayani. Yadda ake samar da furofayil shi ne a buga allon gwaji mai ɗauke da murabba'an launi masu yawa, kamar allon IT8.7/4 mai murabba'i 1,617, sannan a bi su da na'urar auna launi, kwamfuta ta tattara sakamakon. Gwaji yana bukatar furofayil biyu, na injin bugu da na na'urar gwaji, manhaja kuma ta yi tafinta a tsakaninsu. Maɗaba'ar da ke bin ƙa'idar ISO 12647-2 tana iya ɗaukar bayanin da aka riga aka auna, kamar FOGRA39 na 2006 ko FOGRA51 na 2015 daga cibiyar bincike ta Fogra da ke Jamus, ko kuma SWOP da GRACoL na Amurka. Sai dai akwai tarko a nan. Idan injin maɗaba'a tsoho ne, ko ana canza tawada da takarda gwargwadon abin da aka samu a kasuwa, to gwajin da aka yi da FOGRA39 hoton wani injin ne daban. Abin da ya fi a irin wannan hali shi ne a daidaita injin, a auna abin da yake bugawa a zahiri, a gina gwaji a kan haka.

Daga nan ne babbar jarabawar mai gwaji take fitowa. Na'urar fesa tawada ta zamani tana da tawada takwas ko fiye, tana iya fitar da launin da injin ofset ba zai taɓa kaiwa ba. Mai aiki kuwa gwajin da ya fi ƙyalli shi ya fi burge shi, kuma shi zai fi saurin sa wa hannu. Wanda bai ƙware ba yakan bar na'urar ta yi iyakar bajintarta, a rabu ana murna, rigima ta biyo baya ranar karɓar kaya. Ƙwararre kuwa rage mata ƙarfi yake yi da gangan. Idan a takardar jarida za a buga, sai ya sa ta kwaikwayi har dushewar farin takardar, ya kuma duba kada jimillar tawada huɗun a wuri ɗaya ta haura kashi 240, alhali takarda mai sheƙi tana ɗaukar wajen kashi 300 zuwa 330. Gwajin zai fito ba armashi, amma gaskiya ya faɗa.

Abu na uku shi ne tabbatarwa. A gefen kowane gwaji akan buga wani zirin launuka, wanda ya fi shahara shi ne na Ugra da Fogra mai murabba'i 72, a auna shi bayan tawada ta bushe. Ƙa'idar ISO 12647-7 ta 2007 ta gindaya cewa matsakaicin Delta E kada ya wuce 3, mafi muni kuma kada ya wuce 6, sannan aka ƙara tsaurara sharuɗɗan a bitar 2016. Takardar da ba ta da wannan ziri hoto ce kawai, bai kamata a ɗaura yarjejeniya a kanta ba.

Sai kuma hasken da ake duba gwaji a ƙarƙashinsa. Launi biyu suna iya dacewa a hasken rana su saɓa a hasken ƙwan lantarki, musamman da yake tawadar gwaji da ta injin ba sinadari ɗaya ba ne. Don haka ƙa'idar ISO 3664 ta tsayar da haske guda da ake kira D50, mai kama da hasken rana, a kuma kewaye wurin da ruwan toka. Duba gwaji a bakin ƙofar shago da yamma, ko a hasken wayar hannu bayan an ɗauke wuta, ɓata aikin da aka yi ne tun daga farko. Yanayi ma yana da nasa tasirin. Ana auna halin takarda ne a zafin digiri 23 da laimar kashi 50, amma a lokacin hunturu a ƙasar Hausa laimar iska takan faɗi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, takarda ta bushe ta kanannaɗe, ƙura kuma ta addabi na'ura. Wannan ya sa ake bukatar yawaita sake auna na'urar gwaji a wannan lokaci.

3.5 Abin da Gwaji ba Ya Nunawa

Wajibi ne mai gwaji ya sanar da mai aiki iyakar takardar da zai sa wa hannu. Yawancin na'urorin fesa tawada ba sa fitar da ɗigo irin na faranti, don haka ba za su nuna wani zane mai kama da igiyar ruwa da kan bayyana idan jerin ɗigo ya ci karo da zanen da ke cikin hoto ba, kamar a hoton saƙi ko hula mai ƙananan zare. Haka nan launuka na musamman da ake haɗa tawadarsu daban, irin na tsarin Pantone da aka fara a 1963, kusantarsu kawai gwaji ke yi, ruwan zinare da na azurfa kuwa ba ya iya su sam. A irin wannan yanayi akan manna samfurin launin daga littafin Pantone a jikin gwajin, a rubuta lambarsa, tare da kwanan wata da sunan furofayil da irin takardar da za a buga a kai, sannan mai aiki ya sa hannu.