Shirinmu na Yau: Ƙudan Dutse da Malam-buɗe-littafin Dare

Kun san ƙwaron nan mai kewaya fitila da dare, in kun taɓa shi ya bar muku gari a yatsa? Malam-buɗe-littafin dare ke nan, ire-irensa kusan 160,000. Fitinar tana wajen tsutsarsa: wata ta ci tufafi a akwati, wata kuma tun 2016 take cinye masarar manoman Afirka.

Shi kuwa ƙudan dutse, 'ya'yansa cikin ruwa suke girma, maƙale a ƙarƙashin duwatsun rafi mai sanyi da gudu, wasu har shekara 3. Ba sa jure ƙazanta sam. In an ɗaga dutse aka gan su, ruwan lafiya lau yake. In suka ɓace, to a bincika, wani abu ya shiga rafin.