Duwatsun Damargu masu kama da ƙahon rago: shaidar tekun da ya taɓa rufe ƙasar

Matafiyin da ya tashi daga Waca ko Magarya ya nufi arewa, ya wuce birnin Damagaram da kimanin kilomita 140, zai isa Tanut. A tuddan yankin ana tsintar wani dutse naɗaɗɗe kamar ƙahon rago. Sunansa amonit, kuma ba mutum ne ya sassaƙa shi ba. Ɓawon wata dabbar teku ne da ya zama dutse.

Kimanin shekara miliyan 95 da suka wuce, teku ya ratso Sahara daga arewa, ya bi ta ƙasar da ake kira Nijar yau, ya haɗu da ruwan kudu ta kwarin Binuwai. Shi ya sa ake samun dangin amonit ɗin Damargu a Ashaka, jahar Gombe, inda ake fasa dutsen siminti. Dabbar ta ƙare ƙaf shekara miliyan 66 baya. A manyan duwatsun cikin garin Damagaram kuwa ba a samunta, domin daga narkakken dutse suka fito.

Masu bincike na Faransa sun fara bayaninsu tun farkon zamanin mulkin mallaka. A 1943 Daniel Schneegans ya raɗa wa wani jinsi suna Nigericeras, wato ƙahon Nijar.

Amfaninsu ya wuce ado. Siffar amonit tana saurin sauyawa daga zamani zuwa zamani, don haka kowane iri yana nuna shekarun shimfiɗar dutsen da aka same shi a ciki. Da shi masana ke gane cewa wata shimfiɗa a Tanut da wata a Gombe tsara ɗaya ce, ilimin da masu neman man fetur ma ke aiki da shi.

A nan matsalar tsinta take. Amonit da aka ɗauke ba a rubuta inda yake kwance ba, aka sayar wa baƙo da 'yan daloli, ya rasa mafi yawan abin da zai faɗa. Mai saye ya samu abin ɗorawa a kan tebur. Ɗalibin jami'ar André Salifou ya yi asara. Wanda ya ci karo da shi, gara ya ɗauki hotonsa da salula yana kwance a wurinsa, ya riƙe sunan tudun da ƙauyen da ke kusa, ya sanar da malaman ilimin ƙasa na jami'a ko gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.