Toshewar Hanci: Maganar Na'ura Ko Ta Mai Hancin?

Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro sun daɗe suna cin karo da wani abu mai ɗaure kai. Mutum zai zo yana kukan hancinsa ya toshe, ba ya barci sai baki buɗe, a auna shi a ga iska na wucewa sumul. Wani kuma a leƙa a tarar guringuntsin da ya raba kafofin hancinsa ya karkace ƙwarai, shi kuwa ko a jikinsa. A ganina babu maƙaryaci tsakanin na'urar da mara lafiyar. Abin da kowannensu yake aunawa ne ya bambanta, kuma idan aka zo yanke shawarar magani, maganar mai hancin ce ya kamata ta shige gaba.

Na'urorin da aka fi amfani da su uku ne. Ɗaya ana rufe fuska da ita, ta lissafa ƙarfin da iska take buƙata kafin ta ratsa hanci. Ta biyu, wadda Ole Hilberg da abokan aikinsa suka fito da ita a birnin Aarhus na Denmak a 1989, sauti take turawa ciki, daga amsa-kuwwarsa ta gane faɗin hanyar. Ta uku 'yar ƙarama ce mai araha, mutum ya shaƙa da iya ƙarfinsa ta nuna lita nawa a minti. A ɗaya ɓangaren akwai takardar tambayoyi biyar da ake kira NOSE, wadda Michael Stewart ya jagoranci tsarawa a Amurka a 2004, mara lafiya ya ba damuwarsa maki daga 0 zuwa 100. Da aka tattara binciken da suka kwatanta ɓangarorin biyu a 2009, an ga jituwarsu ba ta da tabbas, sai dai takan ƙaru idan kafa ɗaya ake aunawa ita kaɗai.

Dalilin farko na wannan saɓani yana cikin halittar hancin. Tun 1895 likitan Jamus Richard Kayser ya bayyana cewa kafofin biyu karɓa-karɓa suke yi: naman cikin ɗaya ya kumbura, na ɗayar ya saɓe, bayan 'yan sa'o'i su musanya. Awon minti biyar a ɗakin likita bai san abin da ke faruwa ƙarfe uku na dare ba, lokacin da mutum yake kwance jini ya taru a hancin. Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi. Hanci ba shi da jijiyar da ke ƙirga yawan iska. Sanyin da iskar take bari a jikin fatar ciki yake ji. Duk wanda ya taɓa shafa Robb ko tsotsar alewar Tom Tom da mura a lokacin hunturu ya san yadda hanci kan ji kamar ya buɗe wayam. Ronald Eccles na jami'ar Cardiff ya auna wannan, ya nuna cewa mentol ɗin da ke cikinsu ba ya faɗaɗa hanyar ko kaɗan, jijiyar jin sanyi kawai yake zuga. Akasin haka ya fi ban tausayi. Akwai waɗanda aka yanke musu naman cikin hanci fiye da kima a tiyata, hanya ta zama fetal, amma suna jin kamar an shaƙe su. Eugene Kern na asibitin Mayo ne ya raɗa wa matsalar suna a 1994, ciwon hancin da ya zama fanko. Na'ura za ta ba irin wannan hanci maki mafi kyau.

Za a ce ai ji na yaudara, wani raki gare shi, wani kuma da an taɓa shi da wuƙa zai ce ya warke ko bai warke ba. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, kuma misalin mentol ɗin ma yana goya mata baya. Sai dai ba don gyara lambar na'ura mutum ya zo asibiti ba, barci da numfashi ne suka gagare shi. Shi ya sa babban gwajin da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2023, kan ko miƙe karkataccen guringuntsi ya fi feshin magani, ya ɗauki amsar marasa lafiya a matsayin babban ma'auni, tiyatar kuma ta yi rinjaye bayan wata shida.

Inda na'ura take da amfani na gaske shi ne gano sanadi kafin a ɗauki wuƙa. A auna, a fesa maganin da ke saɓar da kumburi, a sake aunawa. Idan hanya ta buɗe, kumburi ne, magani ya fi dacewa. Idan ba ta motsa ba, ƙashi ko guringuntsi ne ya tare. Akwai kuma inda jin mara lafiya bai isa ba sam: toshewar kafa ɗaya da ta ƙi tafiya, musamman da haɓo ko wari, tana buƙatar a zura siririyar kyamara a duba, domin a yaro takan zama ƙwayar da ya cusa, a babba kuma tsiro. Haka mai ɗiga maganin toshewar hanci na Otrivin kullum zai rantse yana yi masa aiki, alhali idan ya wuce mako guda maganin ne da kansa yake dawo da kumburin.