Guguwa a cikin kwamfuta: yadda ake gwada na'urar tace ƙura kafin a ƙera ta

A masana'antar siminti za ka ga wasu manyan ƙarafa masu siffar mazurari. Sunansu saiklon, kuma babu injin da ke motsi a cikinsu. Iska mai ƙura ce ke shiga ta gefe da ƙarfi, ta riƙa juyawa kamar guguwa. Ƙura mai nauyi ta bugi bango ta zube ƙasa, iskar kuma ta haura ta tsakiya ta fice.

James Dyson sai da ya ƙera samfuri 5,127 kafin na'urarsa ta shara mai wannan dabara ta yi daidai. Yau injiniya kan zana saiklon a kwamfuta, manhaja ta yanka cikinsa zuwa ƙananan ɗakuna miliyoyi, ta lissafa gudun iska da matsinta a kowanne. OpenFOAM kyauta ce tun 2004, ANSYS Fluent kuwa sai da kuɗi.

Amma akwai tarko. Tsarin k-epsilon, wanda masu koyo ke rugawa gare shi saboda saurinsa, yana ɗauka cewa hargitsin iska iri ɗaya ne ta kowace fuska. A guguwa ba haka abin yake ba. Zai ba ka hoto mai ban sha'awa, alhali lissafin ya kauce. Shi ya sa masana suka fi yarda da RSM ko LES, duk da cin lokacinsu.

Kuskuren kuma yana da tsada. In aka matse saiklon fiye da kima, fanka za ta ƙara shan wuta. In aka sake shi, ƙura mai laushi za ta kuɓuce zuwa huhun ma'aikata.