Ɗakin Ajiya A Yana: A Buɗe A Share Kafin Kaka

A garin Yana, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shira ta ƙasar Katagum a Jihar Bauci, akwai gidaje da dama da za a tarar da ɗaki guda a kulle shekara da shekaru. Wani shago ne kusa da zaure, wani kuwa gareji ne da aka gina domin mota, amma tarkace ya riga motar shiga. Masu waɗannan ɗakuna galibi suna Kurmi wajen neman abinci.

Yadda abin ke faruwa sananne ne. Mai gida yana Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko Shagamu. In ya sami mota mai zuwa Azare, sai ya aiko da kwanon rufi, ko siminti, ko katifa, ko keken ɗinki. Mutanen gida kuwa ba mai ikon taɓa kayan wanda ba ya nan, sai a tura ciki a ja ƙofa. In kaka ta yi, a ɗora buhunan gero da wake a kai.

Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. To, amma ajiyar da ba a dubawa asara ce. Siminti in ya sha laimar damina ya zama dutse. Gara ba ta san takardar gona ba, balle ta cinikin fili. Jarkar fetur kuwa, a lokacin hunturu, gobara take jira.

Babban abin tsoro shi ne ɓera. A shekarar 1969 aka fara gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa, wanda yanzu yake Jihar Barno. Cutar tana shiga jikin mutum ta abincin da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa, ta kuma fi tsanani da rani. Jihar Bauci tana cikin jihohin da suka fi shan wahalarta. Ɗaki mai duhu, cike da tsumma da hatsi, shi ne gidan da ɓera ke nema.

Aikin bai wuce yini guda ba. A fitar da kome tsakar gida. A yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi, mai sharar kuma ya rufe hanci da baki. A toshe ramuka. Sa'an nan a kasa kayan kashi uku: na amfani, na sayarwa ko kyautarwa, da na ƙonawa. Buhuna a ɗora su bisa katako, nesa da bango. Wake kuwa a zuba shi a buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, yana kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Fetur a raba shi da ɗakin hatsi.

Abin da ya rage wa mazaunin Kurmi shi ne ya ba da izini. Ya wakilta ƙane ko amini, ya aika da mabuɗi, a rubuta abin da ke ciki da sunan mai shi. Rai na Allah ne, kuma kayan da ba a san mai su ba sun sha raba zumunci ran rabon gado.