Paul Sereno da Ƙasusuwan Hamadar Tenere

Yau Agadas muka nufa, mu bi sawun Paul Sereno, farfesa a Jami'ar Shikago ta Amurka, wanda sana'arsa ita ce tono ƙasusuwan halittun da suka shuɗe.

An haife shi a 1957. Ya fara yin suna ne a Ajantina, amma Nijar ce ta riƙe shi. A Gadoufaoua, cikin Tenere, inda Bafaranshe Philippe Taquet ya riga shi aiki, ayarinsa ya tono wata dabba mai cin ciyawa da ta rayu shekaru kusan miliyan 110 da suka wuce. A 1999 ya raɗa mata suna Nigersaurus taqueti, don girmama ƙasar da kuma magabacin nasa. Bakinta faffaɗa ne, ɗauke da haƙora wajen 500, kuma kowane haƙori bai fi mako biyu ba wani ya maye gurbinsa. A nan kuma suka haƙo Sarcosuchus, wani jibgegen kada da Sereno ya ƙiyasta tsawonsa ya kai mita 12.

To ina kada ya ga ruwa a Tenere? Ai a wancan zamani manyan koguna ne ke malala a wurin.

Amma a ganina, babban abin da ya samo ba shi ya fita nema ba. A shekarar 2000 ayarinsa ya ci karo da tsohuwar maƙabarta a Gobero, mai kaburbura wajen 200. Mutanen farko sun zauna nan a bakin tafki kusan shekaru 10,000 baya, suna kamun giwan ruwa da masun ƙashi, ga dorina ga kada. Fari ya kore su, daga baya ruwa ya dawo, wasu mutanen dabam suka zo. A wani kabari an tarar da mace da yara biyu rungume da juna, kuma ƙurar fure da aka gano a ƙasar kabarin ta nuna a kan furanni aka kwantar da su.

Da yawa daga cikin ƙasusuwan an kai su Shikago don bincike, amma dukiyar Nijar ce, kuma ya kamata su dawo gida. Kafin nan, mai sauraro, in hanya ta kai ka Yamai, ka leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, akwai kwarangwal irin waɗannan ka gane wa idonka.